Ɗaya da yawa a harshen Ingilishi

Ƙasar Nijar da ƙasar Nijeriya suna da iyaka mai tsawo, wajen kilomita 1500. Mutanen Maraɗi suna bin hanyar Ɗan Isa su shiga Jibiya da Katsina. Na Damagaram suna bi ta Matamai ko ta Magarya su sauka Daura da Kano. Na Ƙonni kuwa, tafiya kaɗan ce tsakaninsu da Illela. Albasar Galmi tana zuwa har kasuwannin Kumasi da Akara a ƙasar Gana. A Nijeriya da Gana, Ingilishi ne harshen gwamnati da na takardu. Shi ake bugawa bisa kwalin magani, da buhun taki, da gwangwanin madara, da takardar sayen kaya. Wannan kaya kuwa yana shigowa har ƙauyukan da ke nesa da kwalta.

A cikin Nijar ma Ingilishi yana da matsayi. Yaran da suka shiga kolej suna fara koyonsa tun daga ajin farko. A shekarar 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki.

Wanda ya koyi karatun Hausa a makarantar yaƙi da jahilci ya riga ya ci rabin hanya. Haruffan Ingilishi 26 ne. Huɗu kawai ne babu su a rubutun Hausa: p, q, v, x. Wasulan da ake rubutawa su ne biyar ɗin da kowa ya sani: a, e, i, o, u.

Darasin yau yana magana ne a kan abu guda: yadda Ingilishi yake rarrabe abu ɗaya da abubuwa da yawa. Malaman harshe suna kiran sunan abu ɗaya tilo. Sunan abubuwa da yawa kuma suna kiransa jam'i.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Kowane Bahaushe yana yin jam'i tun yana yaro, ba tare da an koya masa a allo ba. Yana cewa gida, gidaje. Yana cewa rijiya, rijiyoyi, gona, gonaki, kaza, kaji, akuya, awaki, saniya, shanu. Kowace kalma da irin tata hanyar. Baƙon da ya zo koyon Hausa yana shan wahala ƙwarai kafin ya riƙe su.

Ingilishi bai kai haka wuya ba. Yawancin sunayensa hanya ɗaya suke bi. Wanda ya iya mai da tunkiya tumaki, jam'in Ingilishi ba zai gagare shi ba.

Doka ta farko: a ƙara s

Idan ana son a nuna abu ya fi ɗaya, sai a ƙara harafin s a ƙarshen suna. Ga misali:

bag, buhu : bags, buhuna
goat, akuya : goats, awaki
cow, saniya : cows, shanu
ram, rago : rams, raguna
camel, raƙumi : camels, raƙuma
farmer, manomi : farmers, manoma
well, rijiya : wells, rijiyoyi
market, kasuwa : markets, kasuwanni
book, littafi : books, littattafai
bottle, kwalba : bottles, kwalabe

Wannan ita ce uwar doka. Idan mai karatu ya gamu da sabon suna bai san jam'insa ba, ya ƙara masa s. Sau da yawa zai dace.

Inda Hausa da Ingilishi suka rabu

Akwai wuri ɗaya da ya kamata a buɗe ido sosai. A Hausa, idan an faɗi lamba, ba dole ba ne a canza suna. Ana cewa buhu goma, kwana uku, shekara bakwai, mutum biyar. Lambar ta isa ta nuna yawa.

Ingilishi bai yarda da haka ba. Da zarar lamba ta wuce 1, dole suna ya ɗauki alamar jam'i. Kuma lambar ce take zuwa gaba, suna yana binta a baya:

buhu ɗaya : 1 bag
buhu goma : 10 bags
kwana uku : 3 days
shekara bakwai : 7 years
katan ashirin : 20 cartons

Kuskuren da Hausawa suka fi yi ke nan. Mutum ya saba da cewa buhu goma, sai ya rubuta «10 bag». Daidai shi ne «10 bags».

Sanin wannan yana da amfani a kasuwa. A takardar sayen kaya, lamba da suna suna yi wa juna shaida. Idan mutum ya ga an rubuta «10 carton», ko kuwa «1 cartons», lamba da suna ba su yi daidai ba. Mai yiwuwa hannun marubucin ne ya yi gaggawa, gama masu rubuta irin waɗannan takardu da yawa ba su kula da doka. Mai yiwuwa kuma an ƙara sifiri daga baya, ko an goge wata lamba. Wannan bai isa a kira wani ɓarawo ba. Amma ya isa mutum ya tsaya ya tambaya, ya sake ƙidaya kayansa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Lambobin ɗari da dubu su ba su ɗaukar s idan wata lamba ta gabace su. Ɗari shi ne «hundred», dubu kuma «thousand». Buhu ɗari biyu: «two hundred bags». Sunan kayan ne ya ɗauki s, ɗarin ya zauna yadda yake.

Yadda ake faɗin wannan s

Waɗanda suka ɗan taɓa lakwal sun san Faransanci ma yana rubuta s a ƙarshen jam'i, amma galibi ba a faɗinsa. A Ingilishi ana rubuta shi, ana kuma faɗinsa. Wanda ya haɗiye shi ya mai da awakinsa akuya ɗaya.

Faɗinsa iri uku ne.

Bayan sauti irin na p, t, k, ana jinsa s sosai: «books» ana cewa buks, «cups» ana cewa kaps.

Bayan wasali, ko bayan sauti irin na b, d, g, l, m, n, ana jinsa kamar z: «bags» ana cewa bagz, «rams» ana cewa ramz, «cows» ana cewa kawz.

Bayan sauti mai huci irin na s, z, sh, c, j, ana jinsa iz: «horses», dawaki, ana cewa hosiz, «villages», ƙauyuka, ana cewa vilijiz, «prices», farashin kayayyaki, ana cewa praisiz.

Kunne ne yake koyon wannan, da sauraron rediyo da na masu jin harshen. A rubuce dai s ɗin nan ɗaya ne.

Doka ta biyu: a ƙara es

Wasu sunaye suna ƙarewa da s, ss, x, ch ko sh. Idan aka ƙara musu s shi kaɗai, baki ba zai iya fitar da shi ba. Saboda haka ake sa e a tsakani, ya zama es:

box, akwati : boxes
bus, motar fasinja : buses
class, aji : classes
match, tsinken ashana : matches
watch, agogon hannu : watches
torch, tocila : torches
dish, kwanon abinci : dishes
tax, haraji : taxes

A lura, ch na Ingilishi a waɗannan kalmomi shi ne c na Hausa, kamar a cikin ciki da cuta. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalin ashana da aka yi a ƙasar masu Ingilishi zai ga «matches» a jikinsa, gama tsinkayen da ke ciki suna da yawa.

Doka ta uku: sunaye masu ƙarewa da y

A nan sai a dubi harafin da y yake bi, wato wanda ya zo kafin shi.

Idan baƙi ne, sai a cire y a sa ies:

baby, jariri : babies
lorry, babbar mota : lorries
battery, batir : batteries
family, iyali : families
country, ƙasa : countries
fly, ƙuda : flies

Idan wasali ne, a bar y yadda yake, a ƙara s kawai:

day, kwana : days
boy, yaro : boys
key, mabuɗi : keys
donkey, jaki : donkeys

A cikin «baby», b ne ya zo kafin y, b kuwa baƙi ne. A cikin «donkey», e ne ya zo kafin y, e kuwa wasali ne. Bambancin ke nan.

Doka ta huɗu: sunaye masu ƙarewa da f ko fe

Waɗansu daga cikinsu suna mai da f ɗin v, su ƙare da ves:

knife, wuƙa : knives
leaf, ganye : leaves
wife, matar aure : wives
thief, ɓarawo : thieves
calf, maraƙi : calves
half, rabi : halves

Waɗansu kuma ba su canzawa, s kawai suke ɗauka. «Chief», sarki ko mai gari, jam'insa «chiefs». «Roof», rufin ɗaki, jam'insa «roofs». Babu wata alama da take nuna wane ne zai canza. Sai dai a haddace su, tun da ba su da yawa.

Doka ta biyar: sunaye masu ƙarewa da o

Su ma sun kasu biyu. Tumatir, dankali da sauro suna ɗaukar es: «tomato, tomatoes», «potato, potatoes», «mosquito, mosquitoes». Rediyo, hoto da kilo suna ɗaukar s kawai: «radios», «photos», «kilos». Mangwaro kuwa an yarda a rubuta shi «mangoes» ko «mangos».

Sunaye masu taurin kai

Shekaru dubu da suka wuce, mutanen Ingila suna yin jam'i ta hanyoyi da yawa, kamar yadda Hausa take yi har yau. Sannu a hankali s ya mamaye sauran hanyoyin. Amma wasu kalmomi da ake faɗi kullum sun riƙe tsohuwar al'ada. Ba su da yawa, sai dai su ne aka fi gamuwa da su:

man, namiji : men, maza
woman, mace : women, mata
child, yaro ko yarinya : children, yara
person, mutum : people, mutane
foot, ƙafa : feet, ƙafafu
tooth, haƙori : teeth, haƙora
mouse, ɓera : mice, ɓeraye
ox, san noma : oxen, shanun noma

Waɗannan sun riga sun zama jam'i, kada a sake ƙara musu s. «Childrens» da «mens» kuskure ne. Kamar mutum ne ya ce shanunai ko matanai.

Tsakanin «woman» da «women» harafi ɗaya ne ya bambanta a rubuce. A baki kuwa, na farko wuman ne, na biyu wimin. A tashar mota ko a asibiti a Nijeriya da Gana, sau da yawa ana rubuta «Men» da «Women» bisa ƙofofin makewayi. Wanda ya san su ba zai shiga inda za a ji kunya ba. Yawancin sunayen mutane da suka ƙare da «man» haka suke yi: «policeman», ɗan sanda, jam'insa «policemen», «herdsman», makiyayi, jam'insa «herdsmen».

Sunayen da ba su canzawa

Akwai waɗanda tilonsu da jam'insu duka ɗaya ne. Babban misali ga makiyayi shi ne «sheep». Tunkiya ɗaya «1 sheep», tumaki hamsin «50 sheep». Babu «sheeps» a Ingilishi. Kifi ma haka: «1 fish», «20 fish». A nan lamba ce kaɗai take faɗin yawa, kamar yadda Hausa take yi.

Abin da ake aunawa, ba a ƙidaya shi

Babu mai zuwa kasuwa ya ce a ba shi hatsi uku ko gishiri biyar. Sai ya ce tiya uku ta hatsi, ko buhu biyar na gishiri. Abin awon ake ƙidayawa. Ingilishi ma haka yake. Waɗannan sunaye ba su ɗaukar s idan ana maganar yawansu:

water, ruwa
milk, madara ko nono
millet, hatsi
sorghum, dawa
maize, masara
rice, shinkafa
salt, gishiri
sugar, sukari
oil, mai
petrol, man mota
money, kuɗi

Idan ana son faɗin yawansu, sai a kawo abin awo, shi ne zai ɗauki s. Ana sa ƙaramar kalma «of» a tsakani, tana aikin na ko ta:

buhun hatsi ɗaya : 1 bag of millet
buhun hatsi biyar : 5 bags of millet
litar mai goma : 10 litres of oil
kilon sukari biyu : 2 kilos of sugar

Amma a yi hankali da wake, gujiya, albasa da ƙwai. Bahaushe yana faɗinsu kamar abu ɗaya: buhun wake, buhun albasa. Ingilishi yana ganin ƙwayoyin da ke ciki, sai ya sa musu s: «beans», «groundnuts», «onions», «eggs». Buhun albasa arba'in da za a kai Kumasi, a takarda «40 bags of onions» ne. Buhu ya ɗauki s, albasa ma ta ɗauka.

Tambayar yawa ita ma ta kasu biyu. Hausa tana da kalma ɗaya, nawa. Ingilishi yana cewa «how many» ga abin da ake ƙidayawa, «how much» ga abin da ake aunawa da kuma kuɗi. Buhu nawa? «How many bags?» Nawa ne kuɗinsa? «How much is it?»

Sunayen da kullum jam'i ne

Wando ɗaya ne ga Bahaushe. Ingilishi yana duban ƙafafunsa biyu, sai ya ce «trousers», da s kullum. Almakashi mai baki biyu «scissors» ne. Tabarau «glasses». Idan ana son ƙidaya su sai a kawo «pair», wato abu mai biyu-biyu: wando ɗaya «1 pair of trousers», wando uku «3 pairs of trousers». Tufafi «clothes» ne, kayan ciniki «goods», su ma ba su rabuwa da s.

Hausa ta taɓa aro irin wannan kalma tare da s ɗinta. Takalmin da ake kira silifas, daga «slippers» ya fito. Bahaushe ya ji ana faɗinsa da s kullum, gama takalmi biyu-biyu yake tafiya, sai ya ɗauke shi yadda ya ji. Sauran kalmomin aro kuwa Hausa ta yi musu nata jam'i: mota, motoci, bokiti, bokitai, soja, sojoji.

Akwai kuma jam'in da ba shi da s ko kaɗan. «Cattle» garken shanu ne, ba a faɗinsa ga saniya ɗaya. «Police» ƴan sanda ne gaba ɗayansu.

Ba kowane s ba ne alamar yawa

Kada mai karatu ya ga s a ƙarshen kalma ya yi saurin cewa jam'i ne. «Bus», «glass», «class», «dress», «address» duka tilo ne, da s ɗinsu aka halicce su. «News», labari, shi ma ana ɗaukarsa abu ɗaya.

Sa'an nan akwai s mai ɗan ƙugiya a sama, irin alamar da ake gani a cikin kalmar jam'i ko ma'aikaci. Wannan s na mallaka ne. «Farmers» manoma ne. «Farmer's bag» kuwa buhun manomi ne, manomi ɗaya. Masu rubuta allon shago da yawa suna haɗa su, har a ƙasar Ingila kanta. Jam'i ba ya bukatar ƙugiya.

Abokan tafiyar suna

Suna ba ya tafiya shi kaɗai a cikin magana. Kalmomin da ke kewaye da shi su ma suna nuna ɗaya ne ko da yawa. Hausa ma tana yin haka: akuya ta zo, awaki sun zo, wannan gida, waɗannan gidaje.

Abu ɗaya da ake iya ƙidayawa yana ɗaukar «a» a gabansa: «a goat», «a bag». Idan sunan ya fara da sautin wasali sai a ce «an»: «an egg», «an onion». Jam'i ba ya ɗaukarsu. «A goats» kuskure ne.

wannan : this, waɗannan : these
wancan : that; waɗancan : those

Tilo yana tafiya da «is», jam'i da «are»:

This goat is big : wannan akuya babba ce
These goats are big : waɗannan awaki manya ne
The child is sick : yaron ba shi da lafiya
The children are sick : yaran ba su da lafiya

A misali na biyu, Hausa ta mai da babba manya. Ingilishi ya bar «big» yadda yake. Siffa ba ta ɗaukar s.

Bahaushe yakan ce kuɗi sun ƙare. A Ingilishi «money» tilo ne, da «is» yake tafiya. «People», «police» da «cattle» kuwa da «are» suke tafiya.

Abu na ƙarshe a wannan fanni yana da ɗan ban mamaki. Idan ana maganar aikin da ake yi kullum, kalmar aiki tana ɗaukar s lokacin da mai aikin ɗaya ne, ta ajiye shi lokacin da suke da yawa:

The farmer works : manomi yana aiki
The farmers work : manoma suna aiki

Kamar hula ɗaya ce tsakanin mutum biyu. In suna ya sa ta, aiki ya zauna kai sake. In suna ya tuɓe, aiki ya sa.

Sunayen kuɗi

Nijeriya ta fara aiki da naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973. Naira ba ta ɗaukar s. Bisa takardar dubu an rubuta «One Thousand Naira». Kwabo ma, da suke rubutawa «kobo», haka yake. Kuɗin Gana kuwa, sidi, wanda aka fara aiki da shi a 1965, yana ɗauka: «1 cedi», «10 cedis». Dalar Amurka ita ma tana ɗauka: «1 dollar», «10 dollars».

Bisa kwalin magani

Inda wannan darasi ya fi nauyi shi ne wajen magani. Magunguna da yawa da ke shigowa ƙauyuka, bayaninsu da Ingilishi yake. Ga kalmomin da aka fi gani:

tablet, ƙwayar magani : tablets
capsule, kafso : capsules
drop, ɗigo : drops
adult, babban mutum : adults
child, yaro : children
day, kwana : days
hour, awa : hours
year, shekara : years

«Times» kuma yana nufin sau: «3 times daily», sau uku a rana. Sau ɗaya da sau biyu suna da nasu kalmomi: «once» da «twice».

Galibi takardar magani tana raba layi biyu, na «Adults» da na «Children». Abin da aka rubuta wa manya daban, na yara daban. Uban da ya san «adults» manya ne, ba zai ba ɗansa mai shekara huɗu rabon babban mutum ba. Idan an rubuta «children under 12 years», ana nufin yaran da ba su kai shekara 12 ba. Idan an rubuta «Keep out of reach of children», ana nufin a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. Haka ake rubutawa bisa maganin ƙwari da ake fesa wa wake da albasa, shi kuwa guba ne.

Amma a riƙe wannan da kyau: iya karanta kwali bai mai da mutum likita ba. Ma'aikacin gidan likita ne yake faɗin wane magani ya dace, ƙwaya nawa, kwana nawa. Amfanin karatu shi ne mutum ya tuna abin da aka faɗa masa bayan ya koma gida, ya kuma gane idan mai tallar magani a kasuwa ya faɗa masa abin da ba shi ne a rubuce ba.

Aikin yi

A yi wannan aiki a makaranta, malami ya rubuta bisa allo, ɗalibai su kwafa cikin kaye. Kada a dubi amsa sai an gama.

Na farko. A ba da jam'in waɗannan sunaye:
1. hen, kaza
2. box, akwati
3. lorry, babbar mota
4. donkey, jaki
5. knife, wuƙa
6. woman, mace
7. sheep, tunkiya
8. tomato, tumatir

Na biyu. Kowane layi yana da kuskure ɗaya. A nemo shi a gyara:
1. 6 bag of rice
2. 4 childrens
3. 2 bags of millets
4. These goat are big
5. The people is here

Amsoshi. Na farko: hens, boxes, lorries, donkeys, knives, women, sheep, tomatoes. Na biyu: 6 bags of rice, 4 children, 2 bags of millet, These goats are big, The people are here.

Wanda ya ci takwas ko fiye ya kama hanya. Wanda bai kai ba ya sake karanta dokokin ɗaya bayan ɗaya, ba a gama su a zama ɗaya. Kowane ɗalibi ya nemo tsohon kwali ko gwangwani a gidansa ya kawo makaranta, a taru a nemi sunaye masu s a jikinsu, a ga wane ne tilo wane ne jam'i. Gidan da ke da ɗan kolej yana da mataimaki a kusa: uba ya nuna kalma, ɗa ya faɗi yadda ake furta ta. Babu kunya ga babba ya tambayi yaro, gama tambaya rabin ilimi ce, kuma da yayyafi kogi kan cika.